Takalman Marigayi

Shafi na 19

Masu zagin Direba tun shafin baya, ku sassauta haka nan. Ku karanta wannan tukuna, sannan kowa ya san inda zai ajiye bakinsa.

* * *

Wata biyu ke nan cif da ɓarayi suka shiga gidan Malama, kuma a wata biyun nan babu abin da ba ta yi wa gidan ba. An ƙara wa katanga bulo uku, an jera mata fasassun kwalabe. Get ɗin da a da ake hango baranda ta tsakanin sandunansa an lulluɓe shi da fallen ƙarfe. Ƙofar falo kuwa kwaɗo uku ta sha. In ta dawo daga makarantar da take koyarwa sai ta yi minti biyar a tsaye tana laluben makullai a jaka, kai ka ce gidan wani take neman shiga.

Duk da haka hankalinta bai kwanta ba. Ba talabijin ɗin ke damunta ba, ba keken ɗinkin ba, ba ma sarƙar mahaifiyarta da aka haɗa da ita ba. Abin da ke ci mata rai shi ne wanda ta yi imanin ya aikata. Ta dawo daga kwana uku a gidan 'yarta, ta tarar da kowace ƙofa a kulle yadda ta bar ta, ɗakuna kuwa wayam. To wa ke da makulli in ba ƙanwarta Auta ba? Wa ta gaya wa za ta yi tafiya in ba Auta ba? Wa ke ɗaki ɗaya da Auta in ba mijinta Direba ba? Malama ta shekara ashirin da shida tana koyar da lissafi, a wurinta wannan tambaya ce da ko ɗan aji biyu zai ci. Da bakinta ta kai ƙararsa wurin 'yan sanda. Kwana takwas ya yi a hannunsu, aka sake shi don ko allura ba a same shi da ita ba, amma kafin nan kamfanin da yake ja wa mota ya ba wani kujerarsa. Tun daga ranar ko gaisuwa ba ta ƙara haɗa ta da Auta ba.

Ƙofar kicin ta baya ce kaɗai ta rage ba a taɓa ba. Ita ta kawo Mai Walda ranar Asabar da hantsi, don ya ƙara mata ta ƙarfe a kai.

Mai Walda dattijo ne, abokin marigayi maigidanta, shagonsa na bakin layi. In ya fara surutu sai ka tuna masa aikin da ya kawo shi. Amma yau tun da ya tsuguna gaban ƙofar da abin awonsa bai ce uffan ba.

"Lafiya dai?" in ji Malama. "Ko ƙofar ta fi ƙarfinka ne?"

"Malama, wa ya kafa miki wannan ƙyauren?"

"Tun ginin gidan yake nan. Me ya faru?"

Ya miƙe ya karkaɗe gwiwar wandonsa.

"Shiga ciki ki kulle. Ki murza makulli, ki sa sakata, duk yadda kike yi in za ki yi tafiya."

"Wasan yara za mu yi da girmanmu?"

"Ki dai shiga."

Ta shiga, ta murza makulli sau biyu, ta danna sakata, ta harɗe hannu tana jira. Ta ji bugun guduma daga waje, ba ma mai ƙarfi ba. Biyu a sama, biyu a ƙasa. Sai ƙyauren ya motsa. Ba ta gefen makulli ya motsa ba, ta ɗaya gefen ne, wanda tun da take ba ta taɓa kawo wa ranta yana buɗuwa ba. Haske ya shigo. Ƙyauren ya zaro gaba ɗayansa, harshen makullin na nan a miƙe, sakata na nan a danne. Mai Walda ya jingine shi da bango ya tsaya yana kallonta.

"Ko minti ɗaya ban yi ba," ya ce a hankali.

Ya buɗe tafin hannunsa. Ƙusoshi ne guda biyu masu kauri.

"Kin ga waɗannan? Su ke riƙe da ƙyaure, a kansu yake juyawa. Ta cikin ɗaki ake barinsu. Wanda ya kafa miki ya bar su ta waje. Duk wanda ya diro ta katangar baya, guduma kawai yake bukata."

"To ai kai sana'arka ce, dole ka iya."

"An riga ni, Malama. Ƙusar da ta shekara ashirin a wuri ɗaya ruwa na dukanta ba ta fita da bugu biyu. Matso ki gani."

Ta matso ba don tana so ba. Fentin wurin ya ɓare, ƙarfen ya fito fari tas, ga wani baƙin maiƙo ya zubo ya bushe a jikin katako.

"Har mai suka ɗiga mata," in ji shi. "Da suka gama suka mayar da ƙyauren yadda yake, don kada a farga da wuri."

"Wato ba da makulli aka shiga ba."

"Mai makulli me zai kai shi wannan wahalar?"

Ta laluba kujerar kicin ta zauna. Amma Malama ba mace ce da ke sakin magana da wuri ba, ko a makaranta an san ta da wannan. Ta ɗaga kai.

"To na ji. Amma ɓarawo ai ba duba yake yi ba. Wa ya gaya masa ba na nan? Ko mai shagon da ke jikin gidan nan ban yi wa sallama ba. Auta kaɗai ta sani. Kuma na bar gidan kamar da mutum a ciki."

Mai Walda ya sosa ƙeya, ya kalli ƙasa.

"Takalman kike nufi?"



Tun rasuwar maigidan, shekara huɗu ke nan, dabararta ce wannan, kuma tana ji da ita. Duk ranar da za ta yi tafiya sai ta ɗauko baƙaƙen takalmansa ta goge su tsaf, ta jera a baranda gaban ƙofar falo, ta kunna fitilar waje, ta bar rediyo na magana. Wai mai wucewa ya leƙo ya ga akwai namiji a gidan. A zatonta daga ita sai Allah suka san sirrin.

"Wa ya gaya maka zancen takalma?"

"Malama, duk layin nan da mu aka raka shi makwancinsa. Wa za a ce wa yana ciki yana jin rediyo?"



"In kina gari takalman ba sa fitowa," ya ci gaba. "Ranar da suka fito, ga fitila na ci da rana tsaka, to an san kin kama hanya. Har suna aka sa wa abin."

"Wane suna?"

"Bar shi kawai."

"Faɗa mini."



"Sai a ce marigayi ya hau gadi."

Ta ji maganar har tsakar kanta. Mijinta, mutumin da ko tari ya yi a layin nan ake gyara zama, shi aka mayar abin raha, kuma ita ta jawo masa.

"A shagona ana faɗa," in ji Mai Walda. "Wurin mai wanki ana faɗa. Masu jiran mota a bakin titi ma sun ji. Wallahi ba da mugunta ba. Sai dai ba ka san kunnen da ke saurare ba."

"Shekara huɗu kuna yi mini dariya, aka rasa mutum ɗaya da zai zo ya gaya mini?"

"Wa zai iya? Mun ɗauka kewarsa ce ke sa ki. Kuma ki yi haƙuri, Malama, ke ba a saba gaya miki abu ki ji ba."

Ya juya ƙusoshin a hannunsa.

"Ranar da aka tafi da Direba na so in zo. Har bakin get na zo, na juya. Na ce maganar dangi ce, ina ruwana. Wannan kam laifina ne, ina nan ɗauke da shi."

Ba ta ji ƙarshen maganar sosai ba. Ta shiga ɗaki ta ja mayafi, ta fito ta wuce shi.

"Malama, ƙofar fa?"

"Ka yi yadda ka ga dama da ita."

* * *

A cikin motar haya ta zauna kusa da taga, ba ta ga komai a hanya ba. Shekarar Auta shida mahaifiyarsu ta rasu. Ita ta ɗauko ta, da ita ta tare a gidan miji, ita ta yi mata kitso, ita ta kwana a zaune lokacin da ta yi ƙyanda. Ita ta aurar da ita, har ta ce wa Direba a gaban mutane, ba ƙanwa na ba ka ba, 'yar fari na ba ka. Wannan bakin dai shi ne ya je ya kira shi ɓarawo. Kunya da nadama suka rufe ta, har ta fara addu'ar kada ta same su a gida.

Gidan haya ne mai ɗakuna a jere, nasu na ƙarshe kusa da famfo. Matan tsakar gida suka amsa sallamarta a daƙile, kowace ta mayar da kai kan aikinta. Ta gane sun san ko ita wace ce.

Auta na tsaye tana guga a kan tebur. Ta rame, wuyanta ya yi tsawo. Ta ɗago ta ga yayarta a bakin labule, ba ta razana ba, ba ta kuma yi murmushi ba.

"Sannu da zuwa, Yaya. Ga wuri."

Malama ta zauna a bakin kujera. Duk maganar da ta shirya a mota ta gudu.

"Auta, ba shi ba ne."

"Wa?"

"Mijinki. Ba shi ya shiga gidana ba."

Auta ta juya rigar da take gogewa, ta miƙar da hannunta.

"Ni kike gaya wa?"

"Yanzu Mai Walda ya nuna mini. Ta ƙofar kicin aka shiga, ba da makulli ba. Kuma tafiyata, ashe duk layin sun sani. Takalman nan..."

"Marigayi ya hau gadi."

Malama ta zuba mata ido.

"Ke ma kin sani?"

"Sau biyu na gaya miki, Yaya. Na farko kika ce surutun 'yan zaman banza ne. Na biyu kika ce ranar da na gina nawa gidan in zo in koya miki yadda ake tsaronsa."

Ta tuna. Har yanayin da ta faɗe shi ta tuna, tana yanka albasa, ko juyowa ba ta yi ba.

"Na cuce ku," ta ce. "Ba ni da bakin kare kaina. Zan je kamfanin da ƙafata in gaya musu ni na yi masa ƙazafi. Zan koma wurin 'yan sanda. In ya ce in durƙusa a tsakar gidan nan gaban kowa, zan durƙusa."

"Kujerar an ba wani. Mota yake wankewa a tasha yanzu."

"Zan nema masa..."

"Shekara goma sha ɗaya ana ba shi amanar mota da kayan mutane, ko madubi bai taɓa ɓata ba. Yanzu in ya shiga shago sai ki ga mutum ya dafe aljihu. Wannan wane kamfani za ki je ki gyara shi?"

Malama ta sunkuyar da kai. Hawaye ya ɗigo mata a bayan hannu.

Auta ta kashe dutsen gugar, ta jingine shi. Ta zo ta zauna a bakin gado, suna fuskantar juna.

"Duk wannan ma ba shi ba ne, Yaya. Aiki ana samun wani. Suna ma watarana ya wanku."

"To mene ne?"

"Washegarin ranar da kika dawo, da sassafe na zo gidanki. Kin tuna?"

"Na tuna."

"Ba ki tambaye ni me ya kawo ni ba."

"Na ɗauka labarin satar kika ji."

"Ban san an yi sata ba sai da na shigo. Ko mayafi ban cire ba kika ce ina makullina, ina mijinki ya kwana shekaranjiya. Ba ki ce in zauna ba."

Ta miƙa hannu ƙarƙashin matashi ta zaro wata takarda da ta sha ninki har ta fara yagewa. Ba ta miƙa mata ba, a cinyarta ta ajiye.

"Wannan na kawo miki. Daga asibiti. Wata uku ne a lokacin."

Malama ta kalli takardar, ta kalli ƙanwarta. Shekara tara da auren Auta ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Babu asibitin da ba su je tare ba, babu maganar dangin miji da Malama ba ta tare mata ba.

"Ko 'yan uwansa ban bari ya gaya wa ba," in ji Auta. "Na ce sai ya kwana biyu ya zauna sosai, kuma Yaya ce za ta fara ji. Na ce masa ita ce uwata."

"Auta..."

Murna ta taso wa Malama, ta kai hannu za ta kamo ta. Sai lissafin da ta iya ya zo mata. Uku da biyu, biyar. Idonta ya sauka kan cikin Auta. Zanin a ɗaure yake tamau, cikin a shafe.

Hannun nata ya tsaya a hanya.

"Kwanansa huɗu a tsare," in ji Auta, muryarta ko rawa ba ta yi. "Kullum ina hanya. Daga wurin 'yan sanda in je kamfani, daga kamfani in zo gidanki in tsaya a get ki ƙi buɗewa. Ba ci, ba barci. Rana ta huɗu na fito ɗibar ruwa, nan bakin famfo. Matar wancan ɗakin ce ta kai ni asibiti."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un."

"Sau bakwai na kira ki daga kan gadon."

Wannan ma ta tuna. Tana ofishin malamai tana duba jarrabawa, wayar na ta haske a kan tebur. Ta ɗauka roƙo ne a saki Direba. Ta kifa wayar, ta ci gaba da jan biro, har tana yaba wa kanta da ba ta karaya ba.

Ta zamo daga kujerar zuwa ƙasa. Kukan ma ya ƙi fitowa da sauti, sai ƙirjinta ke hawa da sauka.

"Me ya sa ba ki aiko ba? Ko mutum ɗaya, Auta. Ko matar nan."

"In aiko a ce me? Da kin ce dabara ce."

Malama ta san haka ɗin za ta ce.

"Shi ya sani?"

"Ranar da ya fito, tun daga bakin ƙofa abin da ya fara tambaya ke nan. Kwana takwas bai zubar da hawaye a can ba. A nan ya yi, inda kike zaune."

"Ki yafe mini. Ba don halina ba. Ki dubi Allah, ki dubi mahaifiyarmu."

Auta ta daɗe tana kallon takardar da ke cinyarta.

"Ni ban san me ke raina ba, Yaya. Wani lokaci in tashi ina son in ji muryarki, wani lokaci ko sunanki ba na son a ambata. Amma shi ya gaya mini nasa. Ya ce ba zai raba ni da 'yar uwata ba, ba a haka aka tarbiyyantar da shi ba. Abu ɗaya ya roƙe ni. Ya ce kada idonsa ya ƙara ganinki a ɗakin nan, ranar da ya gan ki kuwa, to ke na zaɓa a kansa."

"Sai yamma yake dawowa?"

"Ranar Asabar da azahar yake tashi."

Su biyun suka kalli agogon bango a tare.

A tsakar gida aka ji muryar namiji yana gaisawa da mata, a gajiye. Aka ji ya ajiye bokiti a bakin famfo, ya wanke hannu. Takunsa ya matso, ya tsaya a bayan labule ya yi sallama.

Malama ta kama gefen zanin Auta da hannu biyu. Auta ba ta janye ba, ba ta kuma dube ta ba.

"Na ji kamar magana," in ji Direba daga waje. "Kina da mutane ne?"

Auta ta ninke takardar ta mayar ƙarƙashin matashi.

"Baƙuwa ce," ta ce. "Yanzu za ta tafi."

"To bari mu gaisa."

Ya ɗaga labulen.